Gidan da Sabino Ya Roƙa a Siksabila

Kullum kafin rana ta yi zafi, Elbia takan turo keken guragun mijinta daga unguwar bayan kasuwa har bakin gadar da jiragen ruwa ke tsayawa a Bilwi. Tana tsayar da shi a gindin sikelin da ake auna langosta, manyan jatan landen nan da rabin garinmu ke ci da su, ta sa duwatsu biyu a bayan tayoyin domin birkin ya daɗe da mutuwa, ta rataya masa goran kunun ayaba da kwakwa, ta koma wajen suyar kifinta. Shi kuma Sabino Waldan ya buɗe akwatinsa a kan cinya, ya fito da magagari da zare da guntayen roba, ya fara aiki. Gilashin fuska da ya tsage, tiyon iska da ke yoyo, ƙugiyar da ta dakushe, duk abin da mai nutso ke shiga ƙarƙashin teku da shi, wajensa ake kawowa. Shekara goma sha tara ke nan.

Duk wanda ya taɓa sauka a gadar nan ya san bakinsa. Saurayi zai miƙo masa tiyo ya ce, "Kawu, ɗan ɗaure mini shi haka nan, gobe za mu tashi." Sai ya juya tiyon, ya busa, ya ce, "Haka nan? To, in ce wa Elbia ta fara nemo maka keke tun yanzu, ko ka fi son mu riƙa karɓa-karɓa da nawa?" A yi dariya, saurayi ya zauna ya jira a yi gyara na gaskiya.

Elbia ƙanwata ce, don haka ni da Sabino waikat muke kiran juna, kamar yadda miji da wan mata ke yi a wajenmu, kuma tsiya ba ta ƙarewa tsakaninmu. Ni Teofilo, na yi shekara ashirin da shida a jiragen mutane, daga Kolon zuwa Kingston, na ga masu taimako iri-iri, har da masu zuwa da mai ɗaukar hoto kafin su zo da shinkafa. Ba na saurin yabon mutum. Wannan kuwa na gani da idona, kuma da laifina a ciki.

Sabino yana da shekara talatin da ɗaya ya yi nutso na goma sha uku a yini guda, a wuri mai zurfin da bai kamata ba. Ya fito, ya hau kwalekwale, ya ce wa mai tuƙa masa ƙafarsa tana masa sanyi. Kafin jirgi ya iso gari, daga ƙugu zuwa ƙasa babu ji babu motsi. Tsofaffi suka ce matar ruwa ce ta dube shi. Likita ya ce iska ce ta shiga jininsa. Shi dai ya ce ko wace ce a cikinsu, ba ta dawo masa da kayansa ba. Tun daga ranar ya yi shekara goma sha biyar bai sake taka garinmu Siksabila ba, ko da yake can aka binne cibiyarsa. Ya ce ba zai koma garin da ya bari da ƙafa biyu a ɗauke shi a raga kamar kifi ba. Kuma bai taɓa miƙa hannu ba. Wani baƙo ya taɓa ajiye masa takardar kuɗi a cinya ya wuce. Sabino ya sa aka kira shi, ya mayar masa, ya ce, "Wani abu ya faɗo maka, maigida." Mun sha faɗa a kan wannan hali nasa, na ce girman kai ne. Ya ce shi kaɗai ne abin da ya rage masa mai tsayawa da kansa.

Wata babbar guguwa ta zo cikin Nuwamba, shekara huɗu da suka wuce. A rana ta uku teku ta lafa, na tayar da injin jirgina na nufi gida. Awa shida ne in ruwa ya yi kirki. Da na iso, sai da na wuce garin na dawo, domin ban gane shi ba. Bishiyoyin kwakwar da muke gane Siksabila da su tun daga nesa, babu ko ɗaya a tsaye. Teku ta haye tudun yashi ta haɗe da tafkin baya, ta kwashe gidaje daga kan turakunsu, ta kayar da coci, ta tone rabin maƙabarta. Mutane sun tsira don sun gudu cikin kurmi tun kafin ta iso. Sun dawo sun tarar da turaku tsirara.

Yunwa ba ita ce babbar matsala ba, don kifi na nan. Ruwa ne. Rijiyoyin garin guda huɗu duk teku ta shiga, ka ɗanɗana ka tofar. Aka yi ta yashe su, gishiri na dawowa. Kwakwar da ta zube ta riƙe mutane kwana goma, ta ƙare. Daga nan sai ruwan sama da aka tara a ƙoƙo da tukunyar da ta tsira, in ya ƙare a koma wa ruwan tafki, wanda gawar shanu ke ciki. Ma'aikatan da suka zo duba ɓarna suka ce in babu ruwa a tashi a koma bakin titi, cikin ƙasa, inda ba teku ba kifi. Kowa ya san damina na ɗaukewa a ƙarshen Janairu, ba a sake ganin ruwan kirki sai Mayu. In rani ya same mu ba abin da muka adana, Siksabila ta ƙare.

Da na dawo na ba Sabino labari a gindin sikeli, bai ɗago daga ƙugiyar da yake wasawa ba. Ya ce, "Sama tana ta zubo da ruwan daɗi a banza, waikat. Rufi ɗaya dogo, da indararo, da manyan tankuna biyu. In suka cika kafin ta ɗauke, gari ya kai Mayu."

Na ce, "Da kuɗin wa? Na gyaran gilashi?"

Ya ce, "Kai dai ka tanadi mai."

Dabarar da ya yi, wanda bai zauna da masu nutso ba ba zai yi ta ba. Bai roƙi kowa kuɗi ba. Ya san kuɗi in ya shiga aljihun mai nutso bayan kwana goma sha biyu a teku, mai giya ya riga ya ji ƙanshinsa. Sai ya ajiye akwatin ƙanƙara a gefen kekensa, duk jirgin da ya sauka, kafin a ɗora kaya a sikeli, ya ce wa kowa, "Wutsiya ɗaya ta Siksabila." Langosta ɗaya kafin awo ba ta yi wa kowa ciwo, domin bai ga kuɗinta ba tukuna. Wani ya ce, "Kawu, ni ba ɗan garinku ba ne." Ya ce, "Tiyon da ke bakinka ma ba ɗan garinku ya ɗaure shi ba." Mutumin ya jefa biyu.

Elbia ta tara matan garinmu da ke zaune a Bilwi, kowace Lahadi bayan coci su dafa rondon, kifi da rogo da ayaba cikin madarar kwakwa, su sayar a bakin titi. 'Ya'yan gari da ke wanke-wanke a jiragen yawon buɗe ido, Sabino ya bi su ɗaya bayan ɗaya da saƙon murya, yana kiran kowa da sunan uwarsa don kada ya yi kamar bai ji ba. Mai shagon kayan gini kuwa sai da ya gaji da ganin keke a ƙofarsa ya sauke farashi. Kafin Kirsimeti aka sayi kwano falle saba'in da biyu da ƙusoshi da indararo. Tankunan aka ce sai bayan mako biyu za su iso daga Managua.

Ranar da muka loda kwanon, Sabino ya riƙe hannuna ya ce, "Rufi ɗaya ne. Ka faɗa da ƙarfi, a gaban kowa, tun kafin a sauke."

A nan ne na yi kuskurena. Ina isowa, mutane suka shigo ruwa har ƙirji, suka kwashe kwanon da murna zuwa bakin yashi. Dattijo Otilio, alƙalin garinmu, ya zo da sandarsa ya tsaya a inda yakan tsaya in an kamo kunkurun teku. A Siksabila duk abin da ya shigo daga ruwa, kunkuru ne ko buhun gari, ana raba shi gida-gida, na gwauruwa daidai da na mai kamun. Wannan al'ada ita ta hana kowa mutuwa da yunwa a garin tun kakanninmu, kuma ba zan zage ta ba. Otilio ya fara kiran sunayen gidaje.

Na ce, "Dattijo, dakata. Sabino ya ce rufi ɗaya za a yi, na tara ruwa."

Ya dube ni ya ce, "Rufin wa?"

Na ce, "Na gari."

Ya ce, "Teofilo, ka daɗe a jiragen mutane. Ga gari nan a gabanka, gida saba'in. Wanne zan ce wa ya koma hannu sake, 'ya'yansa na kwana cikin ruwa?"

Na juya na ga mata da jarirai a ƙarƙashin yagaggen tamfol, idonsu a kan kwanon nan mai ƙyalli. Na matsa gefe, na bar shi ya ci gaba da kira. Kowane gida ya sami falle ɗaya da ƙusa goma sha biyu, biyun da suka rage aka ba fasto da ungozoma. Aka kira gidan mahaifiyata, na miƙa hannu na karɓa.

Falle ɗaya ba ya rufe ɗaki. Aka jingina shi da sanduna, yara su kwanta a ƙasansa, a tara tukunya a bakinsa. In an yi ruwa a sha na yini, sauran ya bi yashi.

Na dawo Bilwi na tsaya a gaban Sabino na faɗa masa. Ya juya yana kallon teku. Ya ce, "Ka karɓi naka?"

Na ce, "Na karɓa."

Ya ce, "To, ai ba a cuce ka ba." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Babu inda za a sake samo wani kwanon. Masu nutso sun riga sun ba da wutsiyarsu, matan sun gaji, abin da ya rage ya tafi a tankuna.

Tankunan sun iso a makon farko na Janairu. A ranar ne saƙo ya zo cewa Nelsi ta rasu, jikanyar Kaka Brigida, 'yar shekara uku. Gudawa da amai, kwana biyu. Akwai wasu yara huɗu a kwance.

Sabino ya rufe akwatinsa ya ce, "Ka loda tankunan, ka loda ni."

Elbia ta ajiye matsamin kifinta. Tana da dalili. Akwai wani miki a ƙugunsa, irin na masu dogon zama, da ya yi wata biyu ana fama da shi, kuma likita ya ce kada ya jima a kan abu mai tauri. Ta ce mini, "Yaya, awa shida a kan katako, ruwan gishiri na dukansa. Shi ba ya jin wurin, ni ce nake gani in na buɗe. In ka ɗauke shi, kai za ka wanke."

Ya ce, "Elbia, na aika yayanki sau ɗaya, kin ga abin da ya kawo mini."

Ta ce, "Kai da ka rantse ba za a ɗauke ka a raga ba?"

Ya ce, "Ki ɗauko ragar."

Ta ɗauko, ta kuma shiga jirgin tare da mu, ta riƙe shi a jikinta tun daga Bilwi har gida.

Maza huɗu suka ɗauke shi daga bakin ruwa, a cikin raga rataye da gora, suka bi ta tsakiyar gari. Tsofaffin da suka san shi yana tsere a yashin nan suka fito suna kallo. Ya ja hularsa ya rufe ido har aka ajiye shi a kangon coci, inda jama'a suka taru. Otilio ya riga ya fara tunanin tankunan, yana cewa tun da ba sa yankuwa, ɗaya ya tafi arewacin gari ɗaya kudu.

Na zaci Sabino zai yi faɗa a kan rabon da aka yi. Ko kusa. Ya ce, "Dattijo, rabo ya yi daidai, kowa ya sami haƙƙinsa. Ni wata magana ta kawo ni. A garin nan, in teku ta karya mutum ko ta mayar da mace gwauruwa, wa ke yi masa rufi?"

Otilio ya ce, "Gari."

Ya ce, "Ubana ya hau rufin gidan wa da wa a nan, kun sani. Ni ma kafin in tafi na hau. Teku ta karya ni shekara goma sha biyar, ban zo na karɓi nawa ba. Yau na zo." Sai ya cire hularsa, ya juya ta, ya miƙa ta gaba da hannu biyu. "Ba ni da gida a garin ubana. Ina roƙo."

Elbia ta juya baya ta rufe fuskarta da zane. Ni kaina sai da na dubi ƙasa. Na san abin da hular nan ta ci masa.

Otilio ba yaro ba ne. Ya dogara da sandarsa, ya ce, "Wane irin gida kake so?"

"Dogo. Ba bango. Keke ba ya son lungu."

"Falle nawa?"

"Saba'in da biyu."

"Gurgu ɗaya, falle saba'in da biyu?"

"Ina yawan juyi in ina barci."

Wasu suka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba, domin kowa ya gane abin da ake nema a wajensa. Hilario, mai 'ya'ya biyar, ya miƙe ya ce, "Sabino, mun ji wayonka. Amma kai jibi za ka koma Bilwi ka kwanta a ɗaki. Nawa 'ya'yan a ƙarƙashin fallen nan suke kwana. In na ba ka, in rufe su da me?"

Sabino ya ce, "Ka kawo su gidana. Duk wanda ya ba da falle, baƙona ne har ya yi nasa rufin. Abu ɗaya kawai, ruwan da ya sauka a kan gidana tankuna zai shiga, kuma Dattijo ne zai raba shi, gida-gida, kamar kunkuru."

Otilio ya juya. Ya tafi, ya dawo da fallensa a ka, tsoho mai shekara saba'in da wani abu, ya ajiye a gaban ragar. Na ruga na ɗauko na gidanmu. A ranar mutum ashirin suka kawo. Washegari wasu suka biyo, suna ajiyewa suna tsokanarsa, wannan ya ce a ware masa ɗakin baƙi, wancan ya ce sai an biya shi kuɗin haya. Hilario ya kawo nasa da yamma, bai dubi kowa ba. Gida tara suka hana, kuma ba zan kira sunansu ba, don na ga inda suke kwana.

Kaka Brigida ba wanda ya yi niyyar tambayarta. Fallenta yana kan kabarin Nelsi. Mu mukan yi wa sabon kabari ɗan rufi don kada ruwa ya doki mamaci, kuma da babu ganyen rufi ko ɗaya a garin, sai ta kafa sanduna huɗu ta ɗora kwanonta, ita ta koma kwana a ƙarƙashin kifaffen kwalekwale. A safiya ta uku muka hango ta tana jan fallen a yashi, ta taho daga maƙabarta, tana tsayawa tana hutawa. Ba ta yarda kowa ya taya ta ba.

Sabino ya ce, "Kaka, mayar mata. Wannan ban roƙa ba."

Ta ce, "Yarinyar nan har ta cika tana ce mini ruwa, ruwa, ni kuma ina ba ta abin da ke kashe ta. Bari na sama ya sauka a kanta, ba zai yi mata komai ba." Ta saki fallen a gabansa. "Ka sa shi kusa da tanki."

Kwana huɗu aka yi ana aiki. Aka yanko turaku daga itatuwan da guguwa ta kayar, aka kafa a kan tudun coci. Sabino na kwance a raga yana ba da umarni, wane ya karkata wancan gefen, wane ya ƙara ƙusa, jikinsa zafi kamar murhu. A rana ta uku Elbia ta kira ni gefe ta nuna mini mikin. Na yi aiki a jirgin kifi, na san warin abin da ya ɓaci. Na ce mu tafi yanzu. Ya ce sai ya ga an haɗa indararo da bakin tanki. Da aka haɗa, aka zuba guga ɗaya na ruwan teku a kan rufi don gwaji, ya gangaro ta inda ake so, aka tare shi a ƙasa. Sannan ya ce, "To, ku kai ni."

Muka kai shi asibiti a Bilwi, aka yanke naman da ya ruɓe har ƙashi. Sama kuma ta bushe. Kwana goma sha ɗaya ba ɗigo. Na koma gari na tarar da iyalai a jere ƙarƙashin dogon rufin, tankuna biyu babu komai, mutane sun daina gaishe ni da fara'a. Wasu sun fara ɗaure kaya. Hilario ya ce mini, "Ka gaya wa surukinka gidansa ya yi kyau."

A rana ta goma sha biyu da hantsi hadari ya taso daga gabas. Ya yi kwana huɗu yana zuba, ya ɗauke, ya ɗan ƙara a farkon Fabrairu. Tanki ɗaya ya cika, ɗayan ya wuce rabi. Otilio ya kafa kujerarsa a gindinsu da sandarsa, kowace safiya yana kiran sunayen gidaje, guga ɗaya na sha kawai, har da gida taran nan, don ya ce shi bai san wani rabo da ake tsallake gida ba. Ruwan ya kai tsakiyar Afrilu. Makonni ukun ƙarshe ni da wasu muka riƙa ɗebowa daga kogi, tafiyar yini. Iyali goma sha ɗaya sun tashi duk da haka, sun koma bakin titi, ba su dawo ba. Amma ba a sake binne yaro a ranin nan ba, kuma Siksabila tana nan inda take.

Na cika kwalba daga tankin na kai masa asibiti. Ya rame har ban so kallonsa ba. Elbia ta ɗaga kansa, ya kurɓa, ya juya shi a baki. Ya ce, "Ɗanɗanon kwano. Ba ku bar ruwan farko ya wanke rufin ba, ko?"

Na ce, "Wa zai bari ya zube?"

Ya ce, "Ƙauyawa." Ya shanye kwalbar tas.

Mikin nan bai taɓa rufewa ba. Shekara huɗu yana buɗewa yana ɗan haɗewa, kuma yanzu likitoci sun ce zaman keke ya ƙare masa, sai kwanciya a gefe. Ƙarshen watan nan zai bar gada. Dogon rufin har yau gidan Sabino ake ce masa, can yara ke karatu, can ake taro, amma mai gidan bai taɓa kwana ɗaya a cikinsa da lafiya ba, kuma jikinsa ba zai sake ɗaukar awa shidan nan ba. Ba hukumar da ta san sunansa. Da wasu baƙi suka zo daga baya suka ɗauki hoton tankunan, sun tambayi wace ƙungiya ce ta yi.

Waikat, kai ne ka yi. Kai ne ka san mutanenka har ka gane ba za a karya musu al'ada ba, sai dai a shiga ta wata ƙofarta. Kai ne ka ajiye abu ɗaya tak da teku ta bar maka, ka riƙe shi shekara goma sha biyar, sannan ka kashe shi a yini guda a kangon coci don 'ya'yan wasu su sha ruwa. Na kira shi girman kai, na janye. Ni aka aika da ƙafa biyu da baki, na kasa, kai ka je ka biya da naman jikinka, kuma ba ka taɓa goranta mini ba sai cikin wasa. Na gode. Elbia, ke ma na gode, kuma kin yi gaskiya, ke kika wanke, ba ni ba.

Ku kuma 'yan gaɓar nan, wata guguwar za ta zo, ba a kan Siksabila kaɗai teku ke fushi ba. In ta zo, kada ku zauna jiran masu hoto. A cikinku akwai mai wutsiya ɗaya, akwai mai tukunya, akwai mai jirgi, ku haɗa tun da wuri, kuma wanda aka aika ya buɗe baki ya faɗi saƙo ko idon mutane ya yi masa nauyi. Kafin nan, gidan Sabino na gaske yana bayan kasuwa, ɗaki biyu, ƙofa mai shuɗin fenti. Ba zai roƙe ku komai ba, ya yi roƙonsa sau ɗaya ya gama. Ku je ba sai an kira ku ba.